Shin lokacin ta'aziyya yana wucewa?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Mahaifin wani abokin karatuna ya rasu watanni biyar da suka wuce, amma labarin bai iso gare ni ba sai a makon nan, domin a Legas nake aiki. Shin ya dace in je in yi masa gaisuwa yanzu, ko kuwa zuwan nawa zai fama masa ciwon da ya fara warkewa?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Malamai da dama, musamman na mazhabar Shafi'iyya, sun karhanta ta'aziyya bayan kwana uku, saboda manufarta ita ce sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba tayar masa da baƙin ciki ba. Sai dai su kansu sun togace wanda ba ya gari lokacin rasuwar, wato irin halin da kake ciki. Shaihu Bin Baz kuwa yana ganin shari'a ba ta ƙayyade mata kwanaki ba.

Hajiya Babba: Ɗana, ka je kada ka yi nauyin ƙafa. Bayan an naɗe tabarmin ƙofar gida, 'yan zaman makoki sun watse, a lokacin ne kewa take kama mutanen gida sosai, ga shi masu leƙowa sun ragu. Idan mahaifiyarsa tana raye, ta riga ta fita takabar wata huɗu da kwana goma, don haka ka nemi iso ka gaishe ta. Abin da zan hana ka shi ne tambayar yadda jinyar ta kasance. Ka yi wa mamacin addu'a, ka faɗi dalilin jinkirinka a taƙaice.

Bakatsine: Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Zan kira shi a waya yau, sannan in je da kaina idan na samu hutu.