Tsirrai Gajeru Masu Jan Ganye Don Gefen Lambu

A wata tattaunawa kan tsirran da suka dace a jera a gefen lambu, yawancin masu lambu sun fi yaba Alternanthera, wata gajeriyar shuka mai ƙananan jajayen ganye. Ana dasa ta da tazarar santimita 20 zuwa 25, a riƙa aske kanta duk mako uku a damina don kada ta wuce santimita 30. Matsalarta ɗaya: in ba ta samu rana ta awa shida ba, ko aka cika mata takin yuriya, jan nan zai dushe ya koma kore. Ruɓaɓɓen takin gargajiya kaɗan ya ishe ta.

Ga mai ƙarancin ruwa, Tradescantia pallida mai ganye shunayya ta fi, sai dai reshenta karyewa yake da an taka, don haka a nisanta ta da hanya. Rhoeo kuwa, mai ganye kore ta sama shunayya ta ƙasa, ruɓewa take inda ruwa ke kwanciya, ruwan ganyenta kuma yana sa ƙaiƙayi.

An yi saɓani kan Coleus, shuka mai ganye kala-kala. Tana da kyau ƙwarai, amma ranar la'asar ta Afrilu na ƙona ganyenta, sai a gefen da inuwa ke sauka. Heuchera ta ƙasashen sanyi ce, kada a ɓata kuɗi a kanta.