Wane suna za mu ba binomial da Hausa?

Malamai 'yan uwana masu koyar da lissafi, kalmar binomial ta daɗe tana ba ni wahala a aji. Ana nufin jimla irin x + 3, wadda ta ƙunshi abu biyu da alamar tarawa ko ta ɗebewa a tsakaninsu. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta mai suna biyu, su kuwa Larabawa suna cewa zul haddaini, wato mai iyaka biyu.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar a ce tagwaye, amma ban gamsu ba, domin da zarar yaro ya ji tagwaye zai zaci abubuwan biyu iri ɗaya ne, alhali x da 3 ba su da kama ko kaɗan, kuma wannan zaton ne ke sa wasu ɗalibai su haɗe su su rubuta 3x.

Ni abin da na zaɓa shi ne mai gaɓa biyu. Yaranmu sun riga sun san gaɓa daga darasin Hausa, inda ake raba kalmar gida zuwa gaɓa biyu, gi-da, saboda haka ba baƙuwar kalma ba ce a kunnensu. Tana kuma ba mu mai gaɓa ɗaya da mai gaɓa uku ba tare da sabon ƙirƙiro ba.

Amfaninta ya fi fitowa wajen ninkawa. Idan aka rubuta (x + 2)(x + 3), sai in ce kowace gaɓa ta bakan farko za ta gaisa da kowace gaɓa ta baka na biyu, kamar baƙi biyu da suka tarar da masu gida biyu a zaure, gaisuwa huɗu ke nan. Gaisuwar ta ba da x², da 3x, da 2x, da 6, a tara masu kama a sami x² + 5x + 6. Wanda ya yi shakka ya sa 10 a gurbin x, zai ga 12 sau 13 ya ba da 156, wato 100 da 50 da 6.

Tun da na fara sa su ƙirga gaisuwa huɗu, ba kasafai nake ganin wanda ya rubuta x² + 9 a matsayin amsar (x + 3)² ba, yana mai zubar da 6x a hanya.

Malaman Nijar da ke koyarwa da Faransanci, inda ake cewa binôme, ina son jin yadda kuke fassara ta wa ɗalibanku.