Clonezilla ta isa, ko sai an biya kuɗin manhajar bakof?

Mai Gyara Beirut Road: Salam jama'a. Magana ɗaya zan faɗa kuma ina kanta: duk mai kwamfuta ɗaya a gida da yake biyan kuɗi duk shekara sbd manhajar ɗaukar imej ɗin disk, asarar kuɗinsa kawai yake. Clonezilla kyauta ce, ka saka ta a filash kayi butin da ita, ta kwashe Windows da draibobi da duk abin da ka girka ta dunƙule maka a had disk na waje, ranar da sistem ya mutu ka mayar shikenan. Iya wajen da akwai data take kwafa kuma tana matse shi. To me Acronis, manhajar bakof da ake biya, zai baka da ya wuce wannan?

Ɗan Kurna: Oga dan Allah kafin ayi nisa, meye bambancinsa da in kwafe foldodina a filash? ni haka nake yi

Mai Gyara Beirut Road: Ƙanina kwafe folda takardunka da hotunanka kawai ka tsira dasu. In disk ya mutu sai ka sake saka Windows, ka nemo draiba, ka sake sauke Office da CorelDraw da sauransu da datarka, ka sake saitin komai. Imej kuwa hoton disk ɗin ne gaba ɗaya har da ɗan patishan ɗin da yake tada Windows, ka mayar a sabon disk kwamfuta ta tashi yadda ka barta. Kilon kuma daban ne, shi disk zuwa disk kai tsaye ake yi, yana cinye disk guda kuma kwafi ɗaya ne tak, imej fayil ne zaka iya tara da yawa a disk ɗaya.

Anti Mai Bizines Santa: Malam bayaninka yayi amma maganarka ta farko ban yarda ba wlh. Clonezilla sai ka kashe kwamfuta kayi butin da filash ka zauna kana jiranta. Ni a Zoo Road daga safe har dare ɗalibai ne da masu buga takardu a kaina, yaushe zan ce musu ku tsaya ina bakof? Kuma allon nan nata ba linzami, sai rubutu da kibiya, tana kiran disk sda da sdb, mutumin da bai saba ba in ya juya wanda za'a kwafa da wanda za'a zubawa ai ya goge aikinsa da hannunsa. Kai sana'arka ce shiyasa kake ganin sauƙinta.

Injiniya Gwale: Anti ta taɓo inda matsalar take. Macrium Reflect da Acronis da Veeam suna amfani da VSS na cikin Windows, wato Windows ɗin yana riƙe musu hoton disk na daidai wannan lokacin su kwafa daga ciki kai kuma kana ta aikinka. Zaka sa musu lokaci suyi da kansu. Kuma bayan cikakken imej na farko, abin da ya canza kawai suke ƙarawa, cikin ƴan mintuna an gama. Clonezilla bata da wannan kwata-kwata, duk sanda zakayi sai ka ɗauki cikakke daga farko, su kansu masu ita sun rubuta haka a jerin abin da bata yi. To mutumin da bakof ɗinsa yake buƙatar ya kashe sistem ya nemo filash, gsky sau nawa zaiyi? Yawanci ranar da aka saita masa ne kawai, sai disk ya mutu a tarar imej ɗin ya shekara.

Mai Gyara Beirut Road: Yallaɓai wane Macrium ɗin? Na kyautan ai sun rufe shi, tun farkon Janairun 2024 suka daina masa gyaran tsaro, sabon kuma kuɗin shekara-shekara ne. Acronis ma haka, har suna suka canza masa a 2021 zuwa Cyber Protect Home Office daga baya suka dawo da True Image a 2024, kuma da kuɗin waje ake biya, kaga yadda dala take. Mu da muka taso da Norton Ghost mun ga irinta, Symantec ta daina sayar dashi a 2013 aka barmu da tsofaffin faifai. Clonezilla daga cibiyar binciken kwamfuta ta NCHC a Taiwan ta fito, lambobinta a buɗe suke kowa zai iya dubawa, babu wanda zai wayi gari yace ka biya kafin ka buɗe imej ɗinka. Kuma mu faɗi gsky, da yawa masu cewa Acronis a garin nan kirak, wato wanda aka fasa don kar a biya, suke sakawa. Ka ɗauko manhajar da ba'a san wanda ya fasa ta ba ka bata ikon karanta disk ɗinka kaf, wannan shine tsaro?

Injiniya Gwale: Kirak kam bana goyon baya ko kaɗan, a nan muna tare. Amma ba zaɓi biyu bane kawai, ko Clonezilla ko biyan dala. Veeam Agent na Windows yana da na kyauta, yana ɗaukar kwamfuta gaba ɗaya, yana ƙarin kullum da kansa, yana haɗa maka filash na ceto da zakayi butin dashi in Windows ya ƙi tashi, iyakarsa aikin bakof ɗaya zaka saita kuma mai kwamfuta a gida aiki ɗayan yake buƙata. Wanda yake da disk na Western Digital akwai Acronis na musamman da suke bayarwa kyauta, Seagate nasu DiscWizard sunansa.

Anti Mai Bizines Santa: Ga wani abu kuma da ba'a faɗa ba. Kastoma ya dawo yace furojet ɗinsa na makon jiya ya ɓata a filash ɗinsa, ni a Macrium danna imej ɗin nake ya buɗe kamar wani draif a cikin kwamfuta in ciro fayil ɗaya in bashi. A Clonezilla fa? sai dai ka mayar da disk guda sbd fayil ɗaya, ko ka shiga rubuce-rubucen Linux

Ɗalibin BUK: Anti akwai Rescuezilla, ita da linzami ake amfani da ita kuma tana karanta imej ɗin Clonezilla tana yin irinsa, sunan disk da girmansa a fili. Tana da wajen leƙa cikin imej amma in an matse shi tana ɗaukar lokaci sosai. Sai dai ita ma butin ake da filash, so matsalar kashe kwamfuta tana nan.

Alhaji Fagge: Ni duk wannan ban gane wahalar ba, ba akwai na cikin Windows ba? Backup and Restore ɗin nan na Windows 7 har yanzu ina ganinsa a Control Panel

Injiniya Gwale: Yana nan Alhaji kuma yana aiki, amma tun 2017 Microsoft ta saka shi cikin abubuwan da ta daina bunƙasawa, da bakinta tace a nemi manhajar wasu kamfanonin in ana son cikakken imej. Ni bazan ɗora dukiyar mutum a kansa ba.

Mai Gyara Beirut Road: To kunji, mai Windows ɗin ma ya saki nasa.

Injiniya Gwale: Oga tunda kai mai gyara ne ka faɗa musu abin da yake faruwa in an kawo maka laftof mai had disk 500GB ana so a koma SSD 256GB, wanda shine aikin da yafi yawa yanzu.

Mai Gyara Beirut Road: Eh a nan tana da taurin kai, tana son inda za'a zuba ya kai girman na asali ko ya fishi. Sai ka fara rage patishan ɗin a Disk Management ko GParted sannan ka shiga wajen ƙwararru ka hana ta duba girman disk. Ana yi, kullum muna yi. Amma na yarda Macrium da AOMEI ja kawai zakayi su daidaita da kansu. Wani abin kuma da nake gani a sabbin laftof masu Windows 11, da yawa BitLocker, abin da Windows ke kulle bayanan disk dashi, a kunne yake mai ita bai ma sani ba. In a kulle yake Clonezilla bata ganin abin da ke ciki sai ta kwafi patishan ɗin kaf har wajen da ba komai, kuma baya matsuwa, imej ya fito ƙato. Dan Allah kowa ya shiga akawun ɗinsa na Microsoft ya rubuta makullin buɗe BitLocker ɗin nan mai lamba 48 a takarda ya ajiye, ko wace manhaja yake amfani da ita.

Ɗan Kurna: Toh ni disk ɗina an raba min C da D, zan iya ajiye imej ɗin a D?

Anti Mai Bizines Santa: A'a ƙanina kar ka soma. C da D disk ɗaya ne aka raba, in ya mutu tare zasu tafi, kamar ka ajiye safeyar makulli ne a cikin ɗakin da ka kulle. Ka samu na waje, kuma in an gama ka zare shi, sbd bairos mai kulle fayil yana neman kuɗin fansa duk abin da ya tarar a jone yana kullewa. Kuma ka tabbata batirinka a cike yake ko an tada inji kafin ka fara mayarwa, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar zubawa disk ɗin bazai tashi ba sai ka sake daga farko.

Injiniya Gwale: Ka haɗa filash na ceto tun yau kuma ka gwada butin dashi ka ga yana ganin disk na ciki da na waje. Akwai laftof ɗin da sai an ƙara draiban disk kafin ya gani, gara ka sani yanzu da sistem yake lafiya.

Mai Gyara Beirut Road: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya kawo dalilin biyan kuɗi ba, Anti na kyauta take riƙe dashi, Injiniya Veeam na kyauta ya kawo. Ga mai shago irin Anti na yarda Clonezilla ita kaɗai bata isa ba. Amma mai laftof ɗaya a gida ya ɗauki imej ɗaya mai tsafta bayan an gama saita masa komai, takardunsa kuma ya dinga kwafa daban, ya wadatar.

Anti Mai Bizines Santa: Ya dinga kwafa ɗin nan shine ba'a yi Malam, kai ma shaida ne tunda gurinka suke zuwa da kuka. Macrium ɗina na kyauta ya daina samun gyara kuma gsky ina tunanin biya ko in koma Veeam, bazan zauna da tsohuwar manhaja a kwamfutar da nake ci da ita ba.

Ɗan Kurna: Nagode muku Allah ya saka. Had disk na waje mai girman nawa zan nema? na cikin kwamfutata 256GB ne kuma ya kusa cika

Injiniya Gwale: 1TB ka nema in da hali, zai ɗauki cikakken imej fiye da ɗaya da ƙarin da zai biyo baya. In na hannu zaka saya ka sa a duba maka lafiyarsa da CrystalDiskInfo a gabanka kafin ka biya.