Yaya kuke yi da sabunta kwamfutar gida?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar gidanmu kowa na taɓa ta, kuma duk wanda saƙon sabuntawa ya fito masa sai ya ɗage zuwa anjima. Windows 10 ce a kai, ga shi Microsoft ta daina ba ta tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Don Allah kowa ya faɗa mana yadda yake yi da tasa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni data ce damuwata, domin da wayata nake ba kwamfutar intanet. A saitin Wi-Fi na kunna Metered connection, wato saitin taƙaita cin data, sai ta daina sauke manyan abubuwa a ɓoye. Microsoft na fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, to a wannan makon nake kashe saitin, in jona caja, in bar ta ta gama.

Abu Hafsat: Malam, kar ka yi wasa da na tsaro. Lokacin da WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle bayanan kwamfuta ta nemi kuɗin fansa, ta ɓarke a Mayun 2017, har asibitocin Ingila ta durƙusar, alhali maganin ramin tsaron da ta bi a Windows ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Ni dai na tsaro ba na barin ya kwana. Babban sauyin siga kuwa nakan ɗan jinkirta, in ji abin da mutane ke cewa tukuna.

Ummu Yasir: Tawa ta tebur ce, ba ta da batir. Tana tsakiyar sabuntawa, ɗigogin nan na ta zagaye a allo, an rubuta kar a kashe, sai wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kwamfutar ta yi ta kunna kanta tana mutuwa. Allah ya taimake ni hotunan yara da takarduna suna kan wata ma'ajiyar bayanai ta waje (hard disk). Yanzu kafin kowace babbar sabuntawa sai na sake kwafe su.

Ɗan Linux: Baba, idan taka ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, Windows 11 ba za ta hau ba ta hanyar da aka tsara. Tsohuwar tawa Ubuntu 24.04 na sa mata, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, mai tallafin shekara biyar. A Terminal, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, nakan rubuta sudo apt update, sannan sudo apt upgrade, yawancin manhajojin su sabuntu a tashi ɗaya.

Abu Hafsat: Masu Windows ma suna da irinsa, winget upgrade --all. Kuma a riƙa rufe burauza gaba ɗaya a sake buɗewa, domin Chrome da Firefox ba sa kammala sabuntawa sai an yi haka.

Baban Sadiƙ: Allah ya saka da alheri. Ɗan Linux, a ina zan duba ko tawa na da TPM ɗin?

Ɗan Linux: Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. Zai nuna maka ko akwai, da sigarsa.