Wai "rikoba" ɗin nan ba ta da Hausa ne?

Jama'a tun shekaranjiya nake juya maganar nan. Wayar ƙanwata ta mutu murus, ko caji ba ta ɗauka, ta zaro memori ta miƙo min wai "Yaya don Allah a yi min rikoba". Na gane nufinta sarai, recovery na Turanci, wato a dawo mata da hotunan da ke cikin memorin, amma kalmar ta tsaya min a rai.

"Dawo da data" dai a ajiye ta gefe, duk wanda ka faɗa wa zai ɗauka datar hawa intanet aka cinye masa. Ƙwato kuma sai daga hannun wani, to wa ya ƙwace? Farfaɗo ta fi dacewa da wayar kanta, hotuna ai ba suma suka yi ba. Ceto ba laifi amma ta yi nauyi, sai ka ce rai.

Ni dai TSAMO na zaɓa, tsamo bayanai. In guga ya faɗa rijiya ba ɓata ya yi ba, yana nan ƙasa ido ne ba ya kai wa, sai a zura ƙugiya. To haka memori yake, yana da wani ɗan jadawali da ke nuna inda kowane fayil yake, sunan tsarin yawanci FAT32 ne a masu 32GB zuwa ƙasa, exFAT a manya, in jadawalin ya hargitse ko an goge hoto yawanci sunan ne kawai ya fita, hoton na kwance har sai an ɗora wani abu a kansa. Manhajojin kwamfuta irin su PhotoRec da Recuva su ne ƙugiyar, kyauta ma ake samunsu. Shi ya sa in kwamfuta ta ce a yi fomatin kar ka yarda, kar ka tura komai ciki, abin da ka tsamo ma wani wurin za ka zuba.

Wani zai ce in memorin lafiyarsa lau fa? To wannan kwafi ne kawai, sa a rida, wato abin karanta memori, ka kwashe, babu tsamo.

Inda kalmar tawa ta gaza shi ne tun Android 6.0 na 2015 wasu wayoyin suna bari a haɗe memori da ma'ajiyar waya, sai a kulle shi, makullin na cikin wayar. In ta mutu ko ka tsamo ba abin da zai buɗu, sai an gyara ta. Wannan kam ban sama masa suna ba tukuna, ku kawo naku.