Neman shawara: ta ina za mu fara sauya tsarin ƙungiyarmu ba tare da lissafin manoma ya ɓata ba?

Sakataren ƙungiya, daga yankin Kura:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Muna da rassa 3, sito 2 da ƙaramin injin casa. Mukan ba manomi taki da iri bashi, in ya yanke ya biya da shanshera, mu ba mata su turara, a cashe, a kai kasuwa.

Ga halin da muke ciki. Kowane reshe da babban littafinsa. Mai sito da nasa ƙaramin littafin. Akawunmu yana da Excel a kwamfuta ɗaya tal, in ya tafi biki sai aiki ya tsaya. Kuɗin POS kuma alat ɗinsa na shiga wayar ma'aji, rasit kuwa a ɗauki hotonsa a tura WhatsApp. A kakar bara wani dattijo, sa'an mahaifina, ya ce ya biya buhu 6. Littafin reshe ya ce 6, na sito ya ce 4, a Excel kuma sunansa ya fito sau biyu da rubutu daban-daban. Sati biyu muna nema, ashe shi ne mai gaskiya. Har yau in na gan shi a masallaci kunya nake ji.

Abin da muke buri shi ne tsari guda: manomi da lambarsa, a auna buhu a rubuta sau ɗaya, bashi da biya su haɗu wuri guda, shugaba ya ga komai daga wayarsa. Wani matashi daga cikin birni ya ce zai ɗora mana manhaja, cikin sati ɗaya mu ajiye littattafai gaba ɗaya. Shugabanmu yana son a gama kafin kaka. Ni dai raina bai kwanta ba. Na san inda muke, na san inda muke son zuwa, hanyar da ke tsakani ce ban gani ba. A taimaka mana da shawara don Allah.

Wani ɗan Haɗeja mai aikin tsara tsarin kwamfuta na kamfanoni:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Abin da ya hana ranka kwanciya shi ne ainihin sana'armu, kuma na ji daɗin yadda ka faɗe shi. Manyan kamfanoni da ma'aikatu suna bin wani kundin aiki mai suna TOGAF, wanda aka fara fitarwa a 1995, ƙungiyar The Open Group ke kula da shi. Ba na ce ku ɗauko shi ba, ya fi ƙarfin buƙatarku nesa ba kusa ba. Amma hikimarsa ta dace da ku. Yana cewa a zana tsarin da ake kai yanzu, a zana wanda ake buri, sannan a jera su a ga giɓin da ke tsakani: me za a riƙe, me za a gyara, me za a zubar, me babu shi sam sai an samo.

Ana yin wannan ne hawa huɗu. Na farko aikin kansa: wa ke auna buhu, wa ke sa hannu, wa ke da ikon yafe bashi. Na biyu bayanai: sunan manomi, gonarsa, bashinsa, buhunansa. Na uku manhajoji. Na huɗu kayan aiki, wato wayoyi, kwamfuta, wuta da sabis. Matashin da ya zo muku daga hawa na uku ya fara. Ita kuwa matsalar dattijon nan a hawa na ɗaya da na biyu take. Babu wanda aka ɗora wa alhakin cewa littafin reshe da na sito su yi daidai kafin a tashi aiki, kuma babu lambar da ta bambanta shi da mai irin sunansa. In kuka zuba wannan cikin manhaja, za ta rubuta shi sau biyu kamar yadda Excel ya yi, sai dai yanzu mutane za su ce ai kwamfuta ba ta ƙarya.

Tsakanin inda kuke da inda za ku kuma, ku sa zango. Fataken da ke zuwa Gwanja ba a rana ɗaya suke isa ba, kuma ba a yada zango sai inda ke da ruwa. Ma'ana kowane zango ya zama wurin da ƙungiya za ta iya zama ta yi cikakkiyar kaka ko da kuɗi sun yanke ba a ci gaba ba. Da ni ne, zangon farko babu sabuwar manhaja ko ɗaya: rajista guda ta manoma, kowa da lambarsa da katinsa, lambar nan kuma a rubuta ta a kowane littafi da kowane rasit. Zango na biyu a ɗora sito da sikeli a kan sabon tsari, a reshe ɗaya kawai. Bashi da kuɗi su zo daga baya, domin su sun dogara da waɗancan biyun.

Tsohon akawun banki, daga Ringim:

Ɗana, abin da Malam na Haɗeja ya faɗa daidai ne, amma akwai tambaya guda da ya kamata ku amsa a rubuce kafin kowane zango: in littafi da kwamfuta suka saɓa yau, wanne za a gaskata? Dole ɗaya ya zama uwa, ɗaya ɗa. Kuma a sa rana, a sanar a gaban kwamiti, cewa daga ranar kaza littafi ya zama shaida kawai. Na ga wuraren da ba a yi haka ba, kowa ya riƙa ɗauko wanda ya fi masa daɗi in rigima ta taso.

Sai batun ragowar bashi. Kada ka bari akawu ya kwafe adadi daga littafi shi kaɗai a ɗaki. Ku zauna a kowane reshe, a kira manomi, a karanta masa: ana bin ka kaza, ka biya kaza, saura kaza. In ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala, a gaban shaidu biyu da mai unguwa in da hali. Adadin nan shi ne zai shiga sabon tsari. Wanda aka yi saɓani a kansa a ware masa shafi, kada a shigar da shi har sai an sasanta. Aiki ne mai cin rai, zai ɗauke ku makonni, za ku ji maganganu. Amma duk ginin a kansa zai zauna.

Kada ka ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ke faɗawa wannan rami. A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan kwastomominsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Mutane har kimanin miliyan 1.9 suka shiga wahalar shiga asusunsu ta waya da intanet, shugaban bankin ya sauka a Satumba, a Disambar 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Su da ke da injiniyoyi da kuɗi kenan. Littattafanku kuma ku adana su cikin akwatin ƙarfe, ba a zubarwa.

Wata shugabar mata masu turara shinkafa, daga Auyo:

Malam Sakatare, duk maganar nan ta maza ce da buhuna, ban ji an ambaci matan da ke turara muku ba. Mu a nan da aka zo yi mana rajista, lambar waya aka ce kowa ta bayar. Da yawa ba su da waya, sai suka ba da ta maigida ko ta ɗa. Aka wayi gari mata uku na gida ɗaya sun zama mutum ɗaya a kwamfuta, ladan aikinsu kuma ya riƙa shiga hannun da ba nasu ba. Wata baiwar Allah sai da ta yi kuka a gabana. Don Allah kada ku sa lambar waya ta zama ita ce lambar mutum. Ku ba kowace mace katinta, kuma ku tura mace ta shiga gidaje ta yi rajistar, ba kowace ce za ta fito layi a gaban sito ba.

Sannan mai sitonku. Mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe da littafi, rana ɗaya a ce waya ce za ta yi aikinsa, zai ga kamar ana zarginsa ne. Ku jawo shi tun daga zaman farko. Shi ya san buhu nawa ke raguwa in shanshera ta bushe, abin da babu manhajar da ta zo da saninsa.

Matashi mai sana'ar POS, daga Bunkure:

Yaya Sakatare, ni maƙwabcinku ne, na san hanyoyin nan. Ka tambayi mai manhajar abu ɗaya: in babu sabis tana aiki? Ka sa shi ya kashe data a gabanka ya shigar da buhu goma, ya kunna, ka ga ko sun hau. Akwai manhajoji irinsu KoboToolbox da ODK da ke karɓar bayani ba sabis su tura daga baya, kuma don rajista kaɗai sun ishe ku. Mun ga abin da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, kowa ya koma tiransifa, a cire wa mutum kuɗi ba su isa ba, a tsaya ana kallon juna. Duk tsarin da bai tanadi irin ranar nan ba, bai san karkara ba. Ku sa kuɗin sola da batir cikin lissafi tun yanzu.

Amma Baba na Ringim, a gafarce ni, ina da ɗan ja. In aka ce a riƙa rubutawa a littafi kuma a shigar a waya na tsawon lokaci, yaran da ke kan sikeli za su gaji. Ranar da motoci suka yi layi ɗaya za su cika, ɗayan su ce sai dare, daren kuma ba ya zuwa. Sai a tashi da lissafi biyu duk gurgu.

Tsohon akawun banki:

Ka yi gaskiya yaro, Allah ya yi maka albarka. Shi ya sa na ce a sa rana. Haɗa biyun ya zama a reshe ɗaya, na sati huɗu zuwa shida, kullum da yamma a gwada jimillar buhuna ta ɓangarorin biyu. In sun yi sati biyu a jere ba saɓani, a rufe littafin. In ba su yi ba, a koma littafi a nemo dalili, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Haɗeja:

Na dawo kan maganar shugabanku ta a gama kafin kaka, don ita ta fi tsorata ni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya kunna manyan sabbin manhajoji a lokaci guda a tsakiyar 1999, daidai sa'ilin da odar bikinsu na ƙarshen Oktoba ke shigowa. Kaya na nan jibge a sito amma tsarin ya kasa fitar da su, odar kusan dala miliyan 100 ba ta isa hannun masu saye ba. Oktoba da Nuwamba su ne naku lokacin. Abin da bai zauna daram ba kafin a fara yanka, a bar shi sai an kwashe amfani.

Kafin ku biya matashin nan ko kwabo, ku rubuta yarjejeniya. Bayanan na ƙungiya ne, ba nasa ba. Duk ranar da kuka so za ku iya sauke su gaba ɗaya a Excel. Makullin shiga na babba, wato kalmar sirrin da ke iko da duk tsarin, yana hannun mutum biyu na ƙungiya. A faɗi kuɗin kowace shekara, ba na ɗorawa kawai ba, a kuma faɗi wanda zai gyara in shi ya samu aiki ya bar gari. Ban ce ba shi da amana ba, wataƙila ma ya ƙware. In kan sanannun manhajojin kasuwanci irinsu Odoo ko ERPNext ya gina, ya fi sauƙin samun wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuma tunda za ku tara sunaye da hotuna, ku sani Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku. Ku gaya wa manomi abin da za a yi da bayanansa, kada ku karɓi NIN ko BVN in ba ku da buƙatarsu ta gaske.

Sakataren ƙungiya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Jiya bayan la'asar na karanta wa shugaba da ma'aji duk abin da kuka rubuta. Shugaba bai so jinkirin ba, amma da aka zo kan maganar dattijon nan sai ya yi shiru. Mun tsaya a kan cewa bana rajista da kati kawai za a yi, da zaman tantance bashi reshe-reshe, kuma mata biyu daga cikin masu turara za su shiga gidaje kamar yadda Hajiya ta ce. Sito da sikeli sai bayan an kwashe shinkafar damina, a ƙaramin reshenmu. Mai sito ya ce zai zo zaman Asabar da littafinsa.

Saura abu ɗaya da ya ɗaure mana kai. Muna da manoman da gona ɗaya ce ta gado, 'yan uwa uku ko huɗu ke nomawa, bashin taki kuma da sunan babban yaya ake karɓa amma kowa da nasa buhunan yake kawowa. Baba na Ringim, lamba ɗaya za mu ba gidan, ko kowa tasa?