Mahaifiyata ta ƙi buɗe asusun banki, ilimi ne ya yi ƙaranci?

Ummi_Gwarzo: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana sana'ar ƙuli-ƙuli, kuɗinta duk a adashi yake ko a ƙarƙashin katifa. Na yi ta lallashinta ta buɗe asusu ta ƙi. Ana cewa rashin ilimin harkar kuɗi ne ke hana talaka shiga banki. Haka ne kuwa?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, 'yata. Matar da ke riƙe lissafin adashi a ka ba ta rasa ilimin kuɗi ba. Binciken EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda 'yan Najeriya ke samun hidimomin kuɗi, na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan 'yan Najeriya ba sa mu'amala da kowace hanyar hada-hadar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawansu. Nisan banki, kuɗin mota, cire-ciren da ake yi wa asusu, rashin NIN ko BVN, duk suna cikin dalilan da ke hana mutane buɗe asusu. Wasu kuma tsoron riba ne, wato kuɗin ruwa, shi ya sa bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya samu karɓuwa tun 2012.

Hajiya Talatu: Ƙanwata, kada ki matsa mata. Lokacin canjin kuɗi a 2023 mutane sun ga masu asusu suna layi ba su samu ko sisi ba, wannan ya tsorata mata da yawa.

Bala_POS: Anti, a Kenya M-Pesa, hanyar ajiya da tura kuɗi ta wayar hannu, ta fara a 2007, kuma wakilanta na kusa da gida ne suka jawo talakawa. Ki fara kai Mama wajen mai POS na unguwarku, ta ajiye dubu biyu, ta cire da kanta gobe.